Oliyanda a tsakar gida: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara idan bazara ta kama, tambayoyin nan ne dai ke dawowa daga masu son fulawa a garuruwanmu masu zafi, tun daga Sakkwato har Agadas. Ga amsoshin a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wace ce oliyanda?

Kun sha ganinta a bakin ofisoshi da tsakiyar titi. Ganyenta dogo ne siriri mai kauri, yana fitowa uku-uku a kowace gaɓa, furenta kuma ruwan hoda ko fari ko ja a ƙarshen reshe. A Nijar ana ce mata loriye-roz, Larabawa na ce mata difla, masana kuma Nerium oleander. 'Yar dangin tumfafiya ce. Tana kai mita 2 zuwa 6, kuma ba ta zubar da ganye da rani.

Za ta jure ranar Afrilu da Mayu?

Za ta jure. Zafin da ya haura digiri 40 ba ya kashe wadda ta kafu. Inuwa ce matsalarta: ka dasa ta ƙarƙashin darbejiya, ta yi ta tsawo ba fure, sannan ka zo kana cewa an sayar maka da namiji.

Da gaske tana da guba?

Wannan ya kamata a fara tambaya, amma sai an dasa ake tunawa da shi. E, tana da guba, kuma a ko'ina: ganye, fure, reshe, saiwa, har ruwan jikinta. Gubar zuciya take taɓawa. Alamominta amai, gudawa, jiri da rikicewar bugun zuciya. Ganye kaɗan ya isa ya kashe akuya ko tunkiya, shanu da dawakai da raƙuma ma ba su tsira ba. Bushewa ba ta kashe gubar, kuma a nan ake yawan yin asara, domin dabbar da ke ƙin ɗanyen ganye saboda ɗaci takan cinye busasshe idan ya gauraya da harawa. Kada a yi asuwaki da reshenta, kada a fiƙe shi a yi tsinken tsire, kada a sa shi a murhu, hayaƙin ma cuta ne. Idan yaro ya tauna, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take tare da ganyen, a bar jiran ganin abin da zai faru.

To ina da yara ƙanana da awaki. In dasa?

A'a, Hajiya. Ki yi shingen lalle, shi ma yana son rana kuma furensa na da ƙamshi. Mai fure ruwan ɗorawa da 'ya'ya masu kusurwa da ake ce wa oliyanda rawaya ma kada ki ɗauko ta a madadi, wata shuka ce daban amma gubarsu iri ɗaya.

Sau nawa zan ba ta ruwa?

A nan ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ce maka "sau biyu a mako" bai tambayi irin ƙasar gidanka ba, kada ka yarda da shi sosai.

Mutane sun ji an ce tana jure fari, sai su ɗauka ba ta son ruwa. A ƙasashenta na asali, kamar Maroko da sauran yankin Bahar Rum, a bakin ƙoramu take fitowa, inda sama ta bushe amma akwai danshi a ƙasa. Juriyarta daga saiwa take, kuma saiwar sai ta ɗauki wajen shekara guda kafin ta nutsa. Saboda haka sabon dashe da wadda ta kafu lissafinsu daban ne.

Sabon dashe a jigawa da bazara yana iya buƙatar bokiti guda kullum ko bayan kwana ɗaya, na 'yan makonnin farko. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, wannan adadin zai iya ruɓar da saiwa, don haka a rage. Idan ta shekara, ban-ruwa mai yawa sau ɗaya a mako yakan isa da zafi, da hunturu kuma a ƙara tazara. Amma ko wannan ya danganta. Wadda ke jikin katangar siminti ta yamma, ko tsakar gidan da aka shafe da suminti, ta fi shan wuta. Wadda ke cikin tukunya kuwa ba ta da inda za ta nemo danshi, watakila kullum ne har ƙarshen bazara.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne yatsa. Ka tona kamar rabin taƙi. Idan da danshi, ka bari sai gobe. Idan ka tashi bayarwa kuma, ka yi mata gurbi kewaye da gindi, ka zuba da yawa a hankali ya sauka ƙasa. Yayyafin kofi ɗaya safe da yamma saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta tsaya a sama, ranar da aka ɗauke famfo ta yi yaushi.

Sai batun irin ruwan. Tana jure ruwan rijiyar burtsatse mai ɗan gishiri fiye da yawancin fulawowi, amma a inda ruwan sama ya yi ƙaranci gishirin taruwa yake. Idan ka ga farin ɓawo a kan ƙasa kuma bakin ganye na ƙonewa, ka yi mata ambaliya sau ɗaya don ya wanke. Ruwan alwala da na ɗauraya ba laifi. Na wanki mai omo da bilic, ni ba zan zuba ba. Wanda kuma ke sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa, ya dasa da faɗuwar damina, ya dasa biyu maimakon goma. Idan babu ruwa bayan ta kafu, ba za ta mutu da wuri ba, sai dai fure zai ragu, kuma don furen aka dasa ta.

Wane taki?

Tsohon kashin shanu ko na awaki da ya ruɓe, sau ɗaya a shekara. Ya isa. Takin zamani mai yawa ganye yake ƙarawa.

Ganyen ƙasa na yin rawaya yana zubewa. Ta mutu ke nan?

Kwantar da hankalinka. Tsohon ganye dole ya faɗi. Idan toho na fita a sama, lafiyarta lau. Idan rawayar ta game ko'ina kuma gindin kullum a jiƙe, ka cika ruwa ne. Ganyen da ya zube dai a share shi, a binne ko a zubar inda dabba ba ta kaiwa.

Wasu ƙwari rawaya sun lulluɓe tohon.

Darɓa ce. Ka watsa musu ruwa da ƙarfi, ko ruwan sabulu kaɗan da yamma. Ba sai ka sayo maganin feshin gona ka gurɓata tsakar gida ba.

Dole sai na saya a wurin masu fulawa?

Ba dole ba. Ka yanko reshe mai tsawon taƙi guda, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma a kwalbar ruwa a inuwa. Cikin 'yan makonni zai fitar da saiwa. Kwalbar kada ta koma kicin, ruwan kuma kada kaji su sha.

Yaushe ake aske ta?

Bayan ta gama fure mai yawa. A sabon toho take fure, don haka mai bin ta da almakashi duk mako don ta yi daidai da katanga furen yake yankewa. Ka zaɓi tsofaffin rassa ka sare su daga gindi, ka bar sauran. Sa safar hannu, ruwanta na sa ƙaiƙayi, kuma kada ka taɓa ido kafin ka wanke hannu da sabulu.

Zan iya dasa ta kusa da masai don ta samu danshi?

Za ta samu, saiwar kuma za ta bi duk tsagar da ta gani a bututu. Ka ba da tazarar aƙalla mita 2 zuwa 3 daga masai, bututun ruwa da harsashin gini. Idan gidan ƙarami ne, ka nemi gajeren iri, wanda ba ya wuce wajen mita ɗaya da rabi.