Yadda dokar Indonesiya ta ɗaure kuɗin bas ɗin talakawa ta sama da ta ƙasa

A Indonesiya, mai kamfanin bas da ke jigila daga wani lardi zuwa wani ba shi da ikon ya wayi gari ya ce yau kuɗin mota kaza ne, muddin motar tasa ta ajin talakawa ce. Gwamnati ta shata masa iyaka biyu. Akwai adadin da ba zai haura ba komai cikar tasha, akwai kuma adadin da ba zai sauko ƙasa da shi ba komai rashin fasinja. Tsakanin waɗannan biyun ne kawai aka bar masa filin ciniki.

Tushen wannan tsari yana cikin Doka mai lamba 22 ta shekarar 2009, wadda ta shafi zirga-zirga da sufuri a kan hanyoyin ƙasar. Dokar ta raba motocin fasinja masu bin layi gida biyu: ajin talakawa, da duk abin da ya ɗara shi. Motocin alfarma, masu faffadar kujera da bargo da banɗaki da abincin hanya, kamfani ne ke yanka kuɗinsu yadda kasuwa ta ba shi. Na ajin talakawa kuwa hukuma ce ke yankawa, kuma an raba wanda zai yi yankan gwargwadon inda motar ke zuwa. Idan layin ya tsallaka iyakar lardi, kamar daga Jakarta zuwa Jawa ta Tsakiya, ministan sufuri ne mai magana. Irin waɗannan motoci su ake kira AKAP a can. Idan daga gari zuwa gari ne a cikin lardi ɗaya, magana ta koma hannun gwamna. Abin da bai fita daga gunduma ko birni ba, shugaban gundumar ko magajin garin ne ke da shi.

Minista ba ya zama ya rubuta cewa daga gari kaza zuwa gari kaza kuɗi kaza ne. Abin da yake fitarwa shi ne kuɗin ɗaukar mutum ɗaya tsawon kilomita ɗaya, wanda ake kira farashin tushe. Wata ƙa'ida ta ma'aikatar sufuri ta 2002, wadda aka yi wa gyara a 2006, ita ta shimfiɗa yadda ake samo shi. Ana tattara duk abin da bas ke ci: man dizal, taya, gyara da garawul, albashin direba da kwandasta, faɗuwar darajar motar a kowace shekara, kuɗin ruwan bashin da aka saye ta da shi, harajin mota, kuɗin gwajin lafiyarta, kuɗin shiga tasha, inshora, har da albashin ma'aikatan ofis. Sai a raba jimillar a kan kilomitocin da motar ke ci da kuma mutanen da take ɗauka.

A wajen ƙidayar mutanen nan akwai wani zato da ya kamata a lura da shi, domin rabin rigimar daga nan take tasowa. Lissafin ya ɗauka cewa motar na tafiya da kashi 70 cikin ɗari na kujerunta a cike. Mota mai kujera 60, a misali, an ƙaddara tana ɗauke da mutum 42 a kowace tafiya. Ranar da ta cika maƙil, mai mota ya ci riba. Ranar da ta tashi da mutum 15, shi ya san yadda zai yi, domin dizal bai san mutum nawa ke zaune a baya ba.

Daga farashin tushe ake fitar da iyakokin biyu. Ta sama ita ce a ƙara kashi 30 cikin ɗari, ta ƙasa kuma a rage kashi 20.

An kuma raba ƙasar yanki biyu. Na farko ya haɗa Sumatra da Jawa da Bali da Nusa Tenggara, inda jama'a suka fi yawa, hanyoyi kuma suka fi kyau. Na biyu ya haɗa Kalimantan da Sulawesi da sauran tsibiran gabas, inda kayan gyara ke zuwa daga nesa, fasinja kuma ba su da yawa, don haka kuɗin can ya ɗan fi. A ƙa'idar 2016, farashin tushe a yanki na farko rufiya (kuɗin ƙasar) 119 ne a kan kowace kilomita, iyakar sama 155, ta ƙasa 95. A yanki na biyu iyakar sama 172 ce, ta ƙasa 106. A watan Satumba na 2022 ma'aikatar ta sanar da sababbin alƙaluma: tushe a yanki na farko ya koma 159, iyakokinsa suka koma tsakanin 128 da 207, na biyu kuma tsakanin 142 da 227.

Ɗauki fasinja mai tafiyar kilomita 300 a tsibirin Jawa. Da alƙaluman 2022, kwandasta ba zai karɓi abin da ya wuce rufiya 62,100 a hannunsa ba, kamfani kuma ba zai sayar masa da tikiti ƙasa da 38,400 ba. A ranakun da kasuwa ta kwanta, kuɗin kan tsaya kusa da tsakiya ko ƙasa. Da an shiga goman ƙarshe na azumi sai kowa ya manne da iyakar sama, kuma doka ba ta ce komai ba, don dama saboda irin wannan lokaci aka yi ta. Abu biyu ba sa cikin wannan lissafi. Ɗaya shi ne ɗan kuɗin inshorar haɗari na dole da ake tura wa Jasa Raharja, kamfanin gwamnati mai biyan diyya ga waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Ɗayan shi ne kuɗin jirgin fito, ga motocin da sai sun tsallaka teku, kamar daga Merak zuwa Bakauheni tsakanin Jawa da Sumatra, ko daga Ketapang zuwa Gilimanuk a hanyar Bali. Waɗannan ana ɗora su a kai.

Dalilin iyakar sama ba ya buƙatar dogon bayani ga duk wanda ya taɓa neman motar zuwa gida ana jajibirin Sallah. A Indonesiya abin ya fi ƙarfin misali. Komawa gida don ƙaramar Sallah, abin da suke kira mudik, na daga cikin ƙaura mafi girma da ake yi a duniya a kowace shekara, kuma a 2024 ma'aikatar sufuri ta yi hasashen sama da mutum miliyan 190 za su motsa. Mai aikin gini ko mai sayar da abinci a gefen titi a Jakarta, wanda ya shekara yana tara abin da zai kai wa iyayensa a ƙauye, ba shi da zaɓin ya fasa tafiya. Wanda ba zai iya fasawa ba kuwa, ba shi da bakin ciniki. A da gwamnati kan amince da wani ƙari na musamman a lokacin Sallah. Tsarin iyaka biyu ya maye gurbinsa a motocin talakawa, ya sa ƙarin ya zama sananne tun kafin lokacin ya zo.

Iyakar ƙasa ce ke ɗaure wa mutane kai. Me ya sa gwamnati za ta hana a yi wa talaka araha? Amsar tana cikin garejin kamfani. Idan kamfanoni biyar suna layi ɗaya suka shiga karya wa juna farashi, ba a dizal za su rage ba, don babu mai ba su shi bashi. A taya za a rage, a bar ta har ta suɗe. A birki za a rage. A bar direba ɗaya ya yi tafiyar da ta kamata mutum biyu su karɓa-karɓa. Direban da ladansa ya rataya a kan yawan mutanen da ya kwasa, ko wanda aka ɗora wa balas ɗin da zai kawo kowace rana, shi ne zai riƙa tsere da abokin hamayyarsa don ya riga shi isa wurin fasinja na gaba. Wasu layukan Jawa sun yi ƙaurin suna a kan irin wannan gudu. Ban da haka, babban kamfani mai ƙarfin aljihu yana iya jure asarar 'yan watanni har ƙananan su mutu, sannan ya zauna shi kaɗai a layin. A ganina wannan sashe na dokar ya fi na saman hikima, ko da yake shi ne wanda ba a yabawa, don babu fasinjan da zai gode maka a kan ka hana a rage masa kuɗi.

Wanda ya karya ƙa'ida, hukuncinsa ta wajen lasisi ne. Ana fara wa kamfani da gargaɗi, a dakatar da izinin motar na bin layin na wani lokaci, idan abin ya yi tsanani a soke shi. A lokacin Sallah jami'ai kan sa ido a manyan tashoshi irin su Pulo Gebang da Kalideres da Kampung Rambutan a Jakarta, ko Purabaya a bakin Surabaya, a kuma liƙa jadawalin kuɗi inda jama'a za su gani. To amma ƙorafi sai da hujja, hujjar kuwa tikiti ne mai ɗauke da sunan kamfani da adadin da aka biya. Motar talakawa kuma, bisa ɗabi'arta, a hanya take yin yawancin lodinta. Mutum ya tsayar da ita a bakin titi, ya miƙa kuɗi ga kwandasta mota tana tafiya, wani lokaci babu takarda ko ɗaya. Ko kuma ɗan kamasho ya tare shi tun daga ƙofar tasha, ya karɓe jakarsa, ya sayar masa da kujera a kan kuɗin da ya ga dama. Mutumin da ya isa gida daren Sallah ba ya komawa neman ofishin shigar da ƙara a kan rufiya dubu goma.

Babbar matsalar dokar ma a wani wuri take. Alƙaluman 2016 an fitar da su ne bayan gwamnati ta rage kuɗin mai, inda dizal mai tallafi ya sauko zuwa rufiya 5,150 lita ɗaya. Farashin dizal ya tsaya a nan shekara shida, kuɗin bas ma ya tsaya tare da shi. A cikin waɗannan shekaru mafi ƙarancin albashi ya riƙa hawa, taya da kayan gyara suka yi tsada, sabuwar mota ta ƙara kuɗi, annobar korona kuma ta zo ta kwashe fasinjoji. Sai da gwamnatin Shugaba Joko Widodo ta ɗaga dizal zuwa 6,800 ranar 3 ga Satumba 2022 sannan aka taɓa kuɗin bas, bayan ƙungiyar masu motocin haya, Organda, ta matsa. Ƙarin ya zo lokaci guda, kusan kashi ɗaya cikin uku. Fasinja ya ji shi a jikinsa, masu mota kuma suka ce bashin shekaru ne aka biya su a makare.

Mai kamfani da ya ga an ɗaure masa hannu a aji ɗaya, an sake masa a ɗaya ajin, ba sai an koya masa dabara ba. Ya rage kujeru daga biyar a jere zuwa huɗu, ya sa na'urar sanyi da banɗaki, ya sake wa motar aji, shi ke nan ya fita daga ƙarƙashin jadawalin minista. Haɗewar babbar hanyar da ake biyan kuɗi, wadda ta ratsa Jawa daga Jakarta zuwa Surabaya a ƙarshen 2018, ta ƙara ingiza wannan sauyi. Motocin alfarma, har da masu hawa biyu da masu gado, suka mamaye dogayen layuka, suna wucewa ta sabuwar hanya ba tare da tsayawa ba. Motar talakawa ta fi zama a tsohuwar hanya, tana tsintar mutane gari-gari, ga baburan da kusan kowane gida ya mallaka suna cinye mata masu gajeriyar tafiya. Wasu kamfanoni a Jawa ta Gabas da ta Tsakiya sun nemi tsaka-tsaki, suka sa na'urar sanyi a motocinsu amma suka ci gaba da karɓar kuɗin ajin talakawa, don su riƙe mutanensu.

Sakamakon shi ne, a dogayen layuka da yawa, talakan da dokar ke son karewa yakan isa tasha ana gobe Sallah ya tarar motocin da ke lodi duk na ajin da babu iyaka ne, inda kuɗi kan iya ninkawa ba tare da an karya doka ko ɗaya ba. Gwamnati ta san da wannan giɓi, shi ya sa take cike shi ta wasu hanyoyi. Kowace shekara ma'aikatar sufuri da gwamnatocin larduna da kamfanonin gwamnati kan fitar da ɗaruruwan bas su kai mutane gida kyauta, wani ɓangare don a rage masu yin doguwar tafiya a kan babur da mata da yara. A yankunan da babu ɗan kasuwar da zai sa motarsa don ba riba, gwamnati na biyan tallafi a yi jigilar, yawanci ta hannun DAMRI, kamfaninta na bas. Kujerun kyauta kuwa sai wanda ya yi rajista da wuri, kuma ba sa kai yawan masu nema.