Koyar da ’ya’yan masunta kiyaye ruwa a Legas

Koyar da ’ya’yan masunta kiyaye ruwa wani reshe ne na ilimin muhalli da ake bayarwa a unguwannin bakin ruwa na Legas. Manufarsa ita ce yaran talakawa su iya sana’ar su ba tare da sun ƙarar da kifi ba, su kuma san abin da ke gurɓata tafki da teku. Ƙungiyoyin sa-kai da makarantun unguwa ne suka fi ɗaukar nauyinsa, a wurare irin su Makoko, Epe da Badagry.

Yaran da ake koyarwa

Wanda ya bi ta gadar Third Mainland zai hango Makoko, gidajen katako a kan turaku tsaye cikin ruwa. Yawancin masuntan wurin ’yan ƙabilar Egun ne, waɗanda asalinsu ke wajen Badagry da Jamhuriyar Benin. Yaro a nan yakan iya tuƙa kwalekwale kafin ya iya rubuta sunansa. Namiji yana bin mahaifinsa jefa taru da dare ko da asuba, mace tana taya mahaifiyarta banda da kai kifi kasuwa. Cikar ruwa da janyewarsa ne ke tsara musu yini, shi ya sa lokacin makaranta ke yawan cin karo da lokacin su. Gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, kuma aikinta ya haɗa har da ’ya’yan masunta masu ƙaura.

Malamin da ya shiga ajin ’ya’yan masunta yana zaton zai koya wa yara abin da ake kira kifi, ya yi kuskure tun farko. Sun fi shi sanin inda karfasa ke taruwa da lokacin da tarwaɗa ke ɗauke da ƙwai. Abin da ya rage masa shi ne ya haɗa musu wannan sani da dalilinsa.

Abin da darasin ya ƙunsa

Babban darasi shi ne na idon raga. Masunta da yatsu suke auna shi, a ce raga mai yatsa biyu ko mai yatsa uku. Malami yakan shimfiɗa raga biyu, ya sa yaro ya zura yatsunsa a kowacce, sannan ya gwada da ɗan ƙaramin kifi: a ɗaya ya sulale ya wuce, a ɗayar ya maƙale. Daga nan ake bayyana cewa kifin da aka kama kafin ya yi ƙwai ko sau ɗaya an yi asarar duk abin da zai haifa. A nan ne kuma ake jan kunne a kan su da gidan sauro, wanda talauci ke sa wasu yi, domin ba ya barin komai a ruwa.

Sai batun guba da nakiya. A da ana daka magimfa a zuba a ruwa, daga baya wasu suka koma ga maganin ƙwari irin su Gamalin 20, wanda ke kashe babba da ƙarami, ya kuma cutar da wanda ya ci kifin. Dokar kamun kifi a teku ta 1992 ta haramta su da guba ko abin fashewa. Ita ce kuma ta hana manyan jiragen jan taru aiki cikin mil 5 na teku daga gaɓa, domin a bar wa masu kwalekwale wurin. Wannan sashe na dokar yana da amfani ƙwarai ga ɗan masunci, don yana nuna masa cewa shi ma yana da haƙƙi a ruwan.

Ana kuma koya musu darajar itatuwan mangurof, masu tsayawa kan saiwoyi cikin ruwan gishiri. A tsakanin saiwoyin ne ’ya’yan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke girma, amma itacen ne mata ke sara don banda. Haka nan ana nuna musu cewa kunkurun teku da ke fitowa yashi ya yi ƙwai, da ayu da ke zaune a tafkuna, dabbobi ne da doka ta kare, idan sun faɗa raga a sake su.

Shara ita ce ta haɗa ɗan masunci da ɗan cikin gari. Ledar fiyawata da yaro ya jefa a kwata a Agege ko Idi-Araba, ruwan sama ne zai kai ta magudana, magudana ta kai ta tafki. Gwamnatin Legas ta haramta farin mazubin abinci na soso a Janairun 2024. Ranar 8 ga Yuni, wato ranar teku ta duniya, akan fita da ɗalibai tsintar robobi a bakin ruwa.

Ga Bahaushe wannan tunani ba baƙo ba ne. A Argungu ba a taɓa ruwan Matan Fada sai lokacin bikin kamun kifi, kuma Sarkin Ruwa ne ke tsare wannan ƙa’ida. Hausawan Legas da ke fataucin busasshen kifi daga Baga da Yawuri sun san yadda kaya ke raguwa idan an matsa wa ruwa.

Cibiyoyi da cikas

A Victoria Island akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, wadda aka kafa a 1975, da kwalejin tarayya ta koyon harkar kifi da fasahar teku. Gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya, NCF, kuma tana karɓar ɗalibai a gandunta na Lekki, wanda aka buɗe a 1990. Sai dai kafin yaro ya shiga kwaleji dole ya gama sakandare, kuma nan ne yawancin ’ya’yan masunta ke tsayawa.

Yunwa ce cikas na farko. Da wuya a ce wa gidan da ba a ɗora tukunya ba ya mayar da ƙaramin kifi ruwa, don haka shirin da ya haɗa darasi da abincin rana ko sana’ar kiwon tarwaɗa ya fi riƙe yara. Kuma adalci ne a faɗa cewa mafi yawan ɓarnar ba daga hannun masunta take ba. Yasar yashi da cike tafki don gine-gine, dattin masana’antu, garin katako da aka daɗe ana zubarwa a Oko Baba, wurin masu yankan katako da ke bakin tafkin, da ciyawar ruwa mai toshe hanya da ta shigo ta Badagry a 1984, duk sun fi ƙarfin mai kwalekwale.

Rashin tabbas na matsuguni shi ne ya fi karya irin wannan karatu. A Yulin 2012 an rushe wani ɓangare na Makoko. Makarantar kan ruwa da masanin gini Kunle Adeyemi ya tsara, wadda aka kammala a 2013, ta rufta a Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi masuntan Otodo-Gbame da ke Lekki, dubban mutane suka watsu zuwa wasu unguwannin bakin ruwa, yara da dama kuma suka bar makaranta a tsakiyar zango.