Waiwaye: Yadda Birtaniya ta daɗe tana kokawa da babakeren kamfanonin giya

A watan Yunin 2017, hukumar da ke sa ido kan gasar kasuwanci a Birtaniya, wato CMA, ta ce tana da ja kan cinikin da kamfanin Heineken na Holan ya ƙulla na sayen mashayu kusan 1,900 daga hannun Punch Taverns. Ta lissafa yankuna 33 inda ta ce mashayun kamfanonin biyu suna daf da juna, kuma idan suka koma hannu ɗaya gasa za ta ragu. Heineken ya yi alkawarin sayar da wasu a waɗannan yankuna, kafin ƙarshen watan Agusta aka sa hannu. Wanda bai san asalin maganar ba zai ɗauka an kashe wutar ke nan, alhali rigimar ta girmi Heineken a ƙasar da shekaru sama da ɗari.

Giya haram ce a wurin mafi yawan masu karanta wannan rubutu, amma abin da ke cikin labarin kasuwanci ne tsagwaronsa. Duk wanda ya taɓa riƙe gidan mai da sunan wani babban kamfani, ko mai shagon da aka ba firji da sharaɗin kada ya saka lemon wani a ciki, ya san tsarin. Kamfanin da ke yin giya shi ne mai ginin mashaya. Ya ba mutum haya, da sharaɗin ba zai sayo giya a ko'ina ba sai wurinsa, a farashin da shi kamfanin ya yanke. Turawa suna kiran irin wannan mashaya ɗaurarren gida, kuma sunan ya dace da ita.

Ɗaurin ya yi ƙarfi ne bayan 1869, lokacin da doka ta mayar da ba da lasisi hannun alƙalai, buɗe sabuwar mashaya ya yi wuya. Da lasisi ya zama abin nema, masu yin giya suka gane cewa wanda ya mallaki mashaya shi ya mallaki kasuwa, suka shiga rige-rigen saye. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma sai suka koma haɗiye junansu. Scottish & Newcastle ya samu a 1960, Allied Breweries a 1961, Bass Charrington a 1967. Da Whitbread da Courage da Watney, wanda Grand Metropolitan ya saye a 1972, suka cika manya shida. Ba masana'antar ƙaramin kamfani ake kwaɗayi ba, sau da yawa ma rufe ta ake yi bayan ciniki. Mashayunsa ake so. Takaicin ɓacewar giyar gargajiya ta garuruwa ne ya haifar da ƙungiyar masu sha ta CAMRA a 1971, wadda har yau ita ce mai ƙarar baki a wannan fage.

Hukumar hana babakere ta duba lamarin tun 1969, ta ce ɗaurin bai dace da maslahar jama'a ba, amma ba a taɓuka wani abin kirki ba. Sai a watan Maris na 1989 aka yi ta ta ƙare. Rahoton hukumar ya nuna manyan shidan nan ke yin kashi 75 cikin ɗari na giyar ƙasar, ya ba da shawarar kada wani mai yin giya ya mallaki mashaya fiye da 2,000, abin da zai tilasta sayar da kusan 22,000. A cikin watan ne kuma aka hana Elders IXL na Ostireliya, mai kamfanin Courage, haɗiye Scottish & Newcastle. Ministan ciniki na gwamnatin Margaret Thatcher, Lord Young, ya nuna zai aiwatar da shawarar. Kamfanonin suka tashi haiƙan, da talla a jaridu da kamun ƙafa a majalisa, har aka yi wa dokar ragi. Wadda ta fito a ƙarshen 1989 ta ce rabin abin da ya haura 2,000 kawai za a kwance wa ɗauri, kusan mashayu 11,000, kafin Nuwamban 1992. Aka kuma ba ɗan hayar manyan kamfanoni damar kawo baƙuwar giya guda ɗaya daga inda ya ga dama.

A nan gizo ke saƙar, domin dokar ta yi magana ne kan masu yin giya kaɗai. Ba ta ce komai ba kan kamfanin da ba ya yin giya amma yana da mashayu dubbai. Ta wannan ƙofa aka bi. Grand Metropolitan ya miƙa wa Courage masana'antunsa a 1991, suka zuba mashayu cikin wani kamfani na daban mai suna Inntrepreneur. A shekarar aka kafa Enterprise Inns, Punch Taverns kuma ya biyo baya a 1997. Da bashin banki suka riƙa kwasar mashayu, har kowannensu ya haura 8,000 a tsakiyar shekarun 2000, fiye da abin da Bass ke riƙe da shi a 1989, lokacin da ake kukan ya yi babakere. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Ɗan haya kuwa gara jiya da yau. Tsohon mai gida yana son giyarsa ta fita, saboda haka yakan sassauta kuɗin haya. Sabon mai gida dillali ne da bashi a wuya: ya sayo giya da ragi mai yawa daga masana'anta, ya sayar wa ɗan hayarsa da tsada, ya karɓi haya a kai. Har na'ura aka riƙa ɗaurawa jikin bututun giya a ɗakin ƙasa, tana ƙirga abin da ya wuce, don a kama wanda ya sayo ganga a waje a ɓoye a ci shi tara. Wani ɗan haya a garin Staines, Bernard Crehan, ya kai ƙara kan ɗaurin Inntrepreneur, shari'ar ta je har kotun Turai a 2001, ta dawo ya sha kaye a kotun ƙoli ta lokacin a 2006. Wani bincike da kwamitin majalisa ya sa aka yi a 2009 ya gano kusan biyu cikin uku na irin waɗannan 'yan haya ba sa samun fam 15,000 a shekara.

Ɓangaren masana'antu shi ma ƙara dunƙulewa ya yi. Scottish & Newcastle ya sayi Courage a 1995. A 1997 ministar ciniki Margaret Beckett ta hana Bass haɗewa da Carlsberg-Tetley, amma bayan shekara uku Bass da Whitbread duka suka sayar da sashen yin giyarsu ga Interbrew na Beljiyam. Gwamnati ta ce Interbrew ya mayar da sashen Bass kasuwa, kotu ta soke umarnin, aka daidaita kan sayar da sashen Carling, ɗaya daga cikin giyoyin Bass, wanda Coors na Amurka ya biya fam biliyan 1.2 a kai. A 2003 aka soke dokar 1989 gaba ɗaya, don babu sauran wanda take kamawa. A 2008 Heineken da Carlsberg suka raba Scottish & Newcastle tsakaninsu, na ƙarshe ke nan cikin manyan shida. (Sunayen ba baƙi ba ne a gare mu: Heineken ne ke da rinjaye a Nigerian Breweries mai yin Maltina, da masana'antunsa a Kaduna, kuma lokacin da ya haɗe shi da Consolidated Breweries a ƙarshen 2014, Nijeriya ba ta ma da cikakkiyar dokar gasa, sai a 2019 aka sa mata hannu.)

'Yan haya ba su samu sauƙi ta hannun masu sa ido kan gasa ba. CAMRA ta shigar da koke a 2009, aka ce mata masu sha ba su cutu ba, don mashayu na gasa da juna a kowace unguwa. Majalisa ce ta yi abin. A Nuwamban 2014 'yan majalisa suka kayar da gwamnatin David Cameron kan wani gyaran doka da ɗan majalisa Greg Mulholland ya jagoranta, daga nan aka samu ƙa'idar da ta fara aiki a Yulin 2016. Ta shafi kamfanonin da ke da ɗaurarrun mashayu 500 ko fiye a Ingila da Wales, ta ba ɗan haya damar neman a kwance shi ya biya haya zalla a wasu lokuta, kamar lokacin sabunta yarjejeniya, aka kuma naɗa mai sasanci.

A ɓangaren CMA kuwa, duk cinikin mashayu da ya zo gabanta hanya ɗaya yake bi. A buɗe taswira, a ƙirga mashayun unguwa, a ce a sayar da kaza. Greene King ya sayi Spirit a 2015, ya saki mashayu 16. Stonegate ya sayi Ei Group, wato tsohon Enterprise, a 2020, ya saki 42 ya zama mafi girma a ƙasar. A ganina wannan lissafi na kallon ƙofar mashaya ne, rigimar kuwa tana bakin famfo: wa ke yanke giyar da za a zuba, kuma ƙaramin mai yin giya na gari zai samu gurbi ko kuwa? An tayar da wannan tambaya a cinikin Heineken, da kuma lokacin da Carlsberg ya haɗa sashen yin giya da Marston's a 2020, duka biyun hukumar ta ce ba ta ga abin damuwa ba.

A Oktoban 2020 mai sasancin, Fiona Dickie, ta ci sashen mashayun Heineken tarar fam miliyan 2, saboda ya riƙa tilasta wa 'yan hayar da suka nemi a kwance su ajiye giyarsa fiye da ƙima. Daga baya an rage tarar. Marston's kuma ya sayar wa Carlsberg kasonsa na kashi 40 a 2024 kan fam miliyan 206, ya bar yin giya ya riƙe mashayu kawai, kuma ba a rufa wata uku ba aka sanar da rufe tsohuwar masana'antar Banks's da ke Wolverhampton.