Daidaiton Yankuna da Zamuna a Kulob ɗin Faifan Garmaho na Hip Hop

Kulob ɗin faifan garmaho tsari ne na kasuwanci da mutum ke biyan kuɗi duk wata, ko duk wata uku, ko duk shekara, kamfani kuma ya riƙa aiko masa da faifai ɗaya a kowane wata, wanda kamfanin ne ya zaɓa. A ɓangaren hip hop, wato waƙoƙin gambara na Amurka, an daɗe ana taƙaddama kan yadda ake raba wannan zaɓi tsakanin yankunan ƙasar da kuma tsakanin zamunan waƙar. Faifai 12 kacal ke fita a shekara, ga manyan yankuna huɗu, ga tarihi na fiye da shekara 50. Kowane wata da aka ba wani gari, an hana wani.

Asalin tsarin

Sayar da faifai ta gidan waya tsohuwar sana'a ce a Amurka. Kamfanin faifai na Columbia ya buɗe nasa kulob ɗin a 1955, wanda daga baya aka fi sani da Columbia House. Waɗancan kulob-kulob kayan da ke kasuwa suke sayarwa da rahusa. Na yanzu kuwa su ke sa a sake buga faifan musamman domin membobinsu, sau da yawa da launi na daban da ɗan littafin bayani a cikin kwali.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Vinyl Me, Please, da ake taƙaita wa VMP. Matt Fiedler da Tyler Barstow ne suka kafa shi a wajajen 2013 a Chicago, daga baya ya koma jihar Colorado. Da farko layi ɗaya gare shi, wato jerin zaɓi guda, da ke ɗauke da kowane irin kiɗa. A 2017 ya ware wa hip hop layi na kansa. Kasuwar ce ta ba da dama: cinikin faifan garmaho ya yi ƙasa ƙwarai a tsakiyar shekarun 2000, sannan ya farfaɗo, har alƙaluman RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, suka nuna cewa a 2022 an sayar da kusan miliyan 41 a Amurka, faifan CD kuwa miliyan 33. Rabon da a ga haka tun 1987.

Yankuna

Gabar Gabas, musamman New York, ita ce mahaifa. Yawanci ana ƙirga tarihin daga bikin da DJ Kool Herc ya yi wa kiɗa ranar 11 ga Agusta 1973 a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick da ke unguwar Bronx a New York. Da faifan garmaho aka gina kiɗan kansa: makaɗin kan ajiye kwafi biyu na faifai ɗaya a kan na'urori biyu, ya riƙa maimaita gaɓar da ganga kaɗai ke tashi, daga wannan ya koma wancan. Saboda haka kamfanonin New York irin su Tommy Boy da Def Jam sun ci gaba da buga garmaho ko bayan jama'a sun koma wa kaset da CD, domin makaɗan rediyo da na gidajen rawa da shi suke aiki. Wannan ya bar wa yankin gado mai yawa: akwai asalin bugu, akwai zanen kwali mai girman faifai, akwai kuma masu tara faifai da suka taso da shi.

Gabar Yamma ta shigo da ƙarfi da ƙungiyar N.W.A daga Compton, kusa da Los Angeles, wadda kundinta na farko ake danganta shi da 1988, ko da yake wasu bayanai na kai fitowarsa farkon 1989. Kamfanin Death Row ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Sai dai idan aka ce Yamma, Los Angeles ce ke cinye rabon. Oakland da Vallejo da ke arewacin Kalifoniya, garuruwan Too Short da E-40, suna da nasu salon, kuma a kaset suka fara yaɗuwa, mawaƙi na sayarwa hannu da hannu daga bayan mota.

Kudu ce inda matsalar ta fi fitowa fili. Houston ta samu kamfanin Rap-A-Lot a wajajen 1986 ko 1987, Atlanta ta samu LaFace a 1989, New Orleans ta samu Cash Money a farkon shekarun 1990, sannan No Limit da Master P ya dawo da shi gida daga Kalifoniya. Masu sauraron waɗannan garuruwa a mota suke jin kiɗa, mota kuwa ba ta da wurin garmaho. DJ Screw na Houston, wanda ya rasu a 2000, ɗaruruwan kaset ya bari na waƙoƙin da ya rage wa gudu. A Memphis ma haka: kaset ake naɗa a gida, a kwafa daga wannan zuwa wancan har sautin ya dushe. Da yawa daga irin waɗannan ayyuka ba su taɓa hawa garmaho ba, wasu ma asalin naɗinsu ya ɓace. Ga kuma tsohon raini: a bikin lambobin yabo na mujallar The Source a New York a 1995, 'yan kallo sun yi wa OutKast na Atlanta ihu lokacin da suka lashe kyautar sababbin mawaƙa. Cikin shekara goma da suka biyo baya, Kudu ce ta mamaye jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa.

Wannan giɓi ya zama riba ga kulob. Kundin da bai taɓa samun bugu mai kyau ba ya fi jan memba fiye da wanda aka sake bugawa sau biyar. VMP ya fitar da kundin farko na OutKast, da Soul Food na Goodie Mob, da 400 Degreez na Juvenile, da Ridin' Dirty na UGK, tare da na Gabas kamar The Infamous na Mobb Deep da na Yamma kamar Doggystyle na Snoop Dogg.

Tsakiyar ƙasar, wato Chicago, Detroit, Cleveland da St. Louis, ba ta da sauti guda da za a ce nata ne, don haka akan ɗauki mawaƙanta ɗaiɗai. Hip hop na wajen Amurka, na Birtaniya ko Faransa ko Afirka, da wuya ya shiga lissafin.

Zamuna

Abin da ake kira zamanin zinariya ba shi da tsayayyar iyaka. Wasu na farawa daga 1986, wasu daga 1988, ƙarshensa kuma tsakanin 1993 da 1997. Shi ne ke samun kaso mafi tsoka, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: waɗanda suka yi ƙuruciya a lokacin su ne yau ke da kuɗin sayen faifai mai tsada.

Zamanin da ya gabace shi, daga 1979 zuwa tsakiyar shekarun 1980, yana shan wahala a irin wannan tsari. Waƙa ɗaya ake bugawa a faifai mai inci 12, cikakken kundi bai zama ruwan dare ba tukuna, kulob kuwa kundi yake aikawa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 wata matsalar ta taso, ta tsawo. CD na ɗaukar minti 74 zuwa 80, mawaƙa kuma suka riƙa cika shi taf, har da 'yan wasannin barkwanci tsakanin waƙoƙi. Fuska ɗaya ta garmaho ba ta wuce kimanin minti 22 ba idan ana son sauti mai kyau. Ƙari a kan haka, amon ƙasa mai nauyi irin na na'urar ganga ta Roland TR-808, wanda Kudu ta fi so, yana buƙatar layi mai faɗi a jikin faifan. Idan mai yankan faifai ya matse waƙoƙi da yawa a fuska ɗaya, dole ya rage ƙarfin sautin, idan kuma ya bar amon yadda yake, allura na iya tsallake layi. Mafita ita ce faifai biyu, wani lokaci uku, kuɗin bugu da na aikawa kuma su ƙaru alhali kuɗin memba bai canja ba.

Sai zamanin kundin kyauta na intanet, daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa tsakiyar 2010, lokacin da mawaƙa ke sakin waƙoƙi a shafuka irin su DatPiff ba tare da sayarwa ba. Da yawansu a kan kiɗan wasu aka hau ba izini, don haka sayar da su a faifai sai an bi masu haƙƙi ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka samu warwarewa yakan zama abin nema. Layin hip hop na VMP da irin wannan ya buɗe: Telefone na Noname, mawaƙiyar Chicago, wanda ta saki kyauta a 2016.

Haƙƙin mallaka

A nan ne yawancin zaɓi ke yankewa, tun kafin a zo maganar ɗanɗano. Hukuncin da wata kotun New York ta yanke wa mawaƙi Biz Markie a 1991 ya tabbatar da cewa gutsuro sautin wani a saka a waƙa ba izini laifi ne. Kundayen da aka yi kafin nan cike suke da irin wannan aro, yarjejeniyoyinsu kuma ba su hango sababbin hanyoyin sayarwa ba. Tsofaffin kundayen ƙungiyar De La Soul ba su hau manhajojin sauraro ba sai Maris 2023, saboda wannan da kuma saɓani da kamfaninsu. Kundin da ke hannun manyan kamfanoni kamar Universal, Sony ko Warner ya fi sauƙin samu, domin ofis ɗaya za a je. Na ƙaramin kamfanin da ya rushe, ko wanda magada ke jayayya a kansa, yakan tsaya cik.

Ƙorafe-ƙorafe

Membobi sun kasu. Wasu na ganin New York ta shekarun 1990 ta yi yawa, wasu na cewa don ita suka shiga. Akwai kuma ƙorafin ƙarancin mata, duk da tarihin MC Lyte, Queen Latifah, Salt-N-Pepa da Missy Elliott. VMP ya ba da damar musanya faifan wata da wani daban, abin da ya rage gunaguni amma bai taɓa jerin zaɓin ba.

Halin da ake ciki

Gobarar da ta cinye masana'antar Apollo Masters a Kalifoniya a Fabrairun 2020, ɗaya daga cikin biyu kacal a duniya da ke yin farantin da ake fara yanka sauti a kai, da cunkoson masana'antun bugu a lokacin annobar korona, sun sa jadawalin wata-wata ya riƙa zamewa. A 2024 VMP ya shiga shari'a da wasu tsofaffin shugabanninsa kan wata masana'antar bugu a Denver, a 2025 kuma aka ba da rahoton ya shiga matakin sayar da kadarorinsa domin biyan bashi.