Ƙwayar Tazarar Haihuwa Mai Sinadari Biyu: Abin da Ake Haƙuri da Shi, da Abin da Ba A Kwana da Shi

Duk matar da ta zauna a gabana ta ce tana son fara shan ƙwayar tazarar haihuwa, ba na miƙa mata katin ƙwayar sai na ɗaura mata abin awon jini a dantse, na kuma yi mata tambayoyi biyar ko shida. Wasu sukan ƙosa. "Malama, ni fa lafiyata ƙalau, ƙwaya kawai na zo karɓa." Ina fahimtarsu, amma ba na fasawa. A cikin waɗannan 'yan mintuna ne ake rarrabe matan da ƙwayar za ta zauna da su lafiya, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, da 'yan tsirarun da za ta iya jefawa cikin haɗari.

Ƙwayar da nake nufi ita ce mai haɗe da sinadarai biyu, estirojin da furojestin, masu kama da waɗanda jikin mace ke samarwa da kansa. Akwai wata mai furojestin kaɗai, ita dokokinta daban ne, kada a haɗa su. Mai sinadari biyu tana hana ƙwai fita daga ma'ajiyarsa, tana kaurara majinar bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai samu hanya ba, tana kuma sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi siriri. Idan ana sha kullum ba fashi, masu ɗaukar ciki a shekara ba sa kai ɗaya cikin 100. Da yake mutum ajizi ne, ana mantuwa ana makara, a zahiri kusan 7 cikin 100 ne ke ɗauka.

Yawancin tsoron da ake yi wa ƙwayar nan gado ne daga na farko-farko. Enovid, wadda aka amince da ita a Amurka a 1960, tana ɗauke da maikirogiram 150 na estirojin. Na yau galibi tsakanin 20 ne da 35. An rage ne bayan likitoci sun gano cewa yawan estirojin na da alaƙa da daskarewar jini a jijiya. Haɗarin ya ragu ƙwarai, amma bai tafi gaba ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye miki hakan ba.

Bari mu fara da ƙananan abubuwa, domin su suka fi sa mata ajiye katin. A watannin farko za ki iya jin tashin zuciya, nono ya yi nauyi ko ya riƙa ciwo, kai ya ɗan sara, ciki ya ɗan kumbura. Wasu sukan ga duhu-duhu a kumatu ko goshi, musamman masu yawan shiga rana. Tashin zuciya yakan ragu idan kika mayar da shan ƙwayar bayan cin abinci ko lokacin kwanciya. Galibin waɗannan kan lafa cikin wata uku, idan jiki ya saba.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ɗigon jini tsakanin al'ada. Mace ta fara ƙwaya, bayan kwana goma ta ga jini, sai ta ɗauka wani abu ya fashe a cikinta. Babu abin da ya fashe. Shimfiɗar mahaifa ce ke sabawa da sabon yanayi, kuma makara ko tsallake kwana yana ƙara shi. Abin da ke sosa mini rai shi ne wadda za ta daina sha a tsakiyar kati ba ta gaya wa kowa ba, jinin ya ƙaru saboda dainawar, ta ƙara tabbata ƙwayar ce ta cutar da ita, bayan wata biyu kuma ga cikin da ba ta shirya masa ba. Ki ci gaba da sha a lokaci guda kullum. Idan an wuce wata uku zuwa huɗu bai tsaya ba, ko jinin na zuwa bayan saduwa, ko ya ɓullo bayan kin daɗe kina sha lafiya, ki dawo a duba ki, domin wani lokaci dalilin yana wani wuri daban. Al'ada kuma takan ragu, ta zo kaɗan ba ciwon mara. Jinin da bai fito ba bai taru a ko'ina ba, tun farko shimfiɗar ba ta yi kaurin da za ta zubar da shi da yawa ba.

Batun ƙiba, bincike bai nuna cewa wannan ƙwayar na ƙara nauyi mai yawa ba. Batun yanayin zuciya kuwa ba na wasa da shi. Akwai matan da ke cewa tun da suka fara ba sa jin daɗin ransu, ga saurin fushi ga kuka ba dalili, wasu kuma sha'awa ta ragu. Idan haka ta same ki, ki faɗa. Ana iya canza miki wata ƙwayar ko wata hanyar gaba ɗaya. Ba dole ba ne ki zauna cikin ƙunci don kina son tazara.

Yanzu ga abin da ya sa nake ɗaura abin awon jinin nan. Estirojin yana sa jini ya fi saurin daskarewa. Gudan jini kan iya toshe babbar jijiyar ƙafa, kuma idan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu yana iya kisa. A bitar da hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta yi a 2013, cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwaya kuma ba su da ciki, kusan 2 ne ke samun wannan a shekara. Cikin masu shan mai ɗauke da lebonojestiral, wani nau'in furojestin, 5 zuwa 7. Cikin masu shan wasu sababbin nau'o'i, irin mai durosfirinon ko desojestiral, 9 zuwa 12. Ki lura, cikin dubu goma ake magana. Ki kuma sani cewa makonnin da ke biyo bayan haihuwa sun fi shan ƙwaya wannan haɗarin nesa. Haɗarin ƙwayar ya fi yawa a shekarar farko, da kuma lokacin da aka koma sha bayan hutun mako huɗu ko fiye. Shi ya sa nake hana abin nan da wasu ke yi na ajiye ƙwaya wata biyu wai jiki ya huta, sannan a koma. Jiki ba ya bukatar wannan hutun, kuma kowace komawa tana sake buɗe lokacin da haɗarin ya fi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ƙa'idojin da muke bi wajen tantance wadda ƙwayar ta dace da ita. Wadda jininta ya kai 160 bisa 100 ba a ba ta sam. Ko 140 bisa 90 ne, an fi son a nema mata wata hanya. Hawan jini kuma ba ya sallama, mace na iya yawo da shi shekaru ba ta ji komai ba, don haka "lafiyata ƙalau" ba ta isa hujja ba sai an auna. Wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko ciwon zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ba tata ba ce. Haka mai sankarar mama, da mai ciwon hanta mai tsanani, da wadda ciwon sukari ya taɓa mata ƙoda, ido ko jijiyoyi. Idan mahaifiyarki, mahaifinki ko wani da kuke ciki ɗaya ya taɓa samun gudan jini tun yana da ƙuruciya, ki ambata, domin akwai mai bin jinin gida.

Taba ita ce tambayar da aka fi ɓoye mini amsarta. Mace mai shekara 35 zuwa sama da ke shan sigari, haɗa ta da wannan ƙwayar yana ɗaga haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sosai, kuma mai shan kara 15 ko fiye a rana an hana ta kwata-kwata. Ba don in yi miki wa'azi nake tambaya ba, kuma abin da kika faɗa a ɗakin duba marasa lafiya a nan yake tsayawa. Ko shisha ce, ki faɗa.

Sai ciwon kai, wanda nake son ki tsaya ki karanta da kyau. Ciwon kai na yau da kullum ba ya hana shan ƙwaya. Amma akwai ciwon ɓarin kai mai aiko da saƙo kafin ya iso. Mace ta fara ganin walƙiya ko layuka masu karkace-karkace, ko wani gefe na abin da take kallo ya ɓace, ko hannu da gefen baki su yi mata jiri-jiri kamar tafiyar kiyashi, ko magana ta sarƙe mata. Wannan kan ɗauki minti biyar zuwa awa ɗaya, sannan ciwon ya sauka. Mai irin wannan, ko shekararta ashirin, ba a ba ta ƙwaya mai estirojin, domin tana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Mata da yawa ba su san wannan walƙiyar tana da muhimmanci ba, sun saba da ita tun suna 'yan mata, sai an tambaye su dalla-dalla suke cewa, "Af, ai ina ganin haka." Idan kuma bayan kin fara ƙwayar ne abin ya soma, ki daina a ranar, ki zo.

Mai jego ma sai ta jira. A mako uku na farko bayan haihuwa jini na cikin yanayin saurin daskarewa, don haka ba a fara ta. Mai shayarwa ba a ba ta kafin mako shida, kuma an fi so a kai wata shida, domin estirojin na iya rage ruwan nono. Wannan bai bar ki hannu rabbana ba. Akwai ƙwaya mai sinadari ɗaya, akwai allura mai furojestin kaɗai, akwai wadda ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu, akwai robar mahaifa, kuma babu estirojin a cikinsu. Da yawa daga matan da na lissafa a sama ma akan samu wadda ta dace da su a cikin waɗannan.

Alamomin da ba a kwana da su kuwa, ki haddace su, ki gaya wa maigida ko wanda kuke zaune tare, domin wani lokaci mai ciwon ba ta iya kai kanta. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa na ciwo tana zafi. Ciwon ƙirji, ko numfashi ya yanke haka kawai, ko tari da jini. Ciwon kai mai tsanani da ba ki taɓa jin irinsa ba. Gani ya dushe ko ya rabu biyu. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta ƙi fita. Ciwon ciki mai tsanani, ko ido ya yi rawaya irin na shawara. Ko ɗaya kika gani, kada ki sha ta gobe, kada ki tsaya shafa man zafi a ƙafar ko a murza miki ita. Ki tafi asibiti nan take da katin a hannunki, ki ce, "Ina shan wannan." Wannan kalma ɗaya tana iya sa likita ya nufi inda ciwon yake kai tsaye.

Wasu magunguna suna sa hanta ta narkar da ƙwayar da wuri, sai ta daina kare ki alhali kina sha kullum. Na gaba-gaba shi ne rifamfisin na tarin fuka, sai wasu magungunan farfaɗiya irin su kabamazafin, fenitoyin da fenobabiton, da wasu daga cikin magungunan cutar ƙanjamau. Lamotirijin kuma, wani maganin farfaɗiyar, akasin haka ne, ƙwayar ce ke rage masa ƙarfi, farfaɗiyar ta iya dawowa. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta na yau da kullum, irin amoksisilin, ba sa rage mata ƙarfi. Duk wanda zai rubuta miki magani ki gaya masa kina shan ƙwaya, mu ma ki nuna mana duk abin da kike sha, har na ganye. Idan za a yi miki babbar tiyata da za ta kwantar da ke, akan dakatar da ƙwayar mako huɗu kafin ranar. A doguwar tafiya ta sa'o'i da yawa a zaune, ki riƙa motsa ƙafafu, ki miƙe idan da hali, ki sha ruwa.

Mantuwa kowa na yi. Idan ɗaya ce, ki sha da zarar kin tuna, ko da zai zama biyu a rana ɗaya, ki ci gaba. Idan biyu ne ko fiye a jere, ki sha ta ƙarshen da kika manta, ki ci gaba, amma ku yi amfani da kwaroron roba ko ku dakata da saduwa na kwana bakwai. In mantuwar ta faɗo a makon farko na kati kuma kun sadu cikin kwana biyar da suka wuce, ki zo a duba ko kina bukatar ƙwayar gaggawa, wadda ake sha bayan saduwa don hana ɗaukar ciki. In a mako na uku ne, ki gama ƙwayoyin katin masu sinadari ki shiga sabon kati kai tsaye, ba tare da hutun da aka saba yi tsakanin kati da kati ba. Amai cikin sa'o'i biyu zuwa uku da sha kamar ba ki sha ba ne, ki sake shan wata. Zawo mai tsanani na kwana biyu ko fiye, ki ɗauke shi kamar mantuwa.

Akan tambaye ni batun sankara, kuma amsar tana da fuska biyu. Ƙwayar na ɗan ƙara yiwuwar sankarar mama yayin da ake sha, ƙarin kuma yana gushewa cikin kusan shekara goma da dainawa. Shan ta shekara biyar ko fiye na ɗan ƙara na bakin mahaifa, don haka kada ki yi sakaci da gwajin bakin mahaifa. A ɗaya gefen, tana rage sankarar ma'ajiyar ƙwai da ta cikin mahaifa sosai, kariyar kuma tana ɗorewa shekaru da yawa bayan an daina. Ba ta kare ki daga ƙanjamau ko sauran cututtukan saduwa, wannan aikin kwaroron roba ne.

Ba ta taruwa a ciki, ba ta kuma hana haihuwa nan gaba. Cikin 'yan kwanaki da dainawa jiki ya fitar da ita, kuma mace na iya ɗaukar ciki tun kafin ta ga al'adar farko. Saboda haka idan wata alama ta sa kika ajiye ta, ku fara amfani da kwaroron roba daga ranar har a zaɓa miki wata hanya. Idan kuma tana zaune da ke lafiya, ki zo a sake auna jininki aƙalla sau ɗaya a shekara, mu sake bin tambayoyin nan daga farko, domin amsar da kika ba ni kina shekara 28 tana iya canzawa kina 36. Katin da aka ba ki kuma naki ne ke kaɗai. Ƙanwarki ko ƙawarki da ta ce ki sammata, ki rako ta a auna ta tukuna.