Bashin gida na haɗin gwiwa: idan miji ko mata na da tabo a tarihin bashi

A Birtaniya, yawancin masu sayen gidansu na farko ba sa biya kuɗi hannu. Mutum yakan ba da kafin alƙalami, kamar kashi 5 ko 10 cikin ɗari na kuɗin gidan, banki ya cika sauran, a riƙa biya wata-wata har shekara 25 ko fiye. Gidan kansa ne jingina, in aka kasa biya banki na iya karɓewa ya sayar. Wannan shi ake kira mogej. Idan mutum biyu suka sa hannu tare, galibi miji da mata, ya zama na haɗin gwiwa.

Lissafi ne ke jan mutane zuwa gare shi. Bankuna sukan ba da kamar ninki huɗu zuwa huɗu da rabi na albashin shekara. Mai samun fam 30,000 shi kaɗai da wuya ya wuce fam 135,000. In matarsa na samun fam 25,000 aka haɗa, sai a doshi fam 247,000. Sai dai ba albashi kaɗai ake haɗawa ba. Kowannensu na ɗauke da dukan bashin, ba rabinsa ba, kuma ko aure ya mutu, saki ba ya cire sunan kowa daga takardar banki.

Kafin banki ya amince, sai ya tono tarihin bashin kowannensu a wurin kamfanonin da ke ajiye irin wannan bayani: Experian, Equifax da TransUnion. Duk wani jinkirin biyan katin bashi, kuɗin wayar kwantiragi da aka yi watsi da shi, ko hukuncin kotu kan bashi, yana nan a rubuce, kuma yakan zauna shekara shida. Hukuncin kotu kam, in an biya cikin wata guda ana iya goge shi. Bayan nan, ko an biya, alamar "an biya" kawai za a sa masa, ya ci gaba da zama.

Mutane da yawa na zaton tsabtar tarihin ɗaya za ta rufe na ɗayan. Ba haka banki ke gani ba, idonsa na kan mai rauni. Amma ba duk tabo ne ɗaya ba. Kuɗin waya na fam 150 da aka bari shekara biyar da suka wuce, daga baya aka biya, ba zai yi nauyin tsallake biyan mogej bara ba. Ana duba girman bashin, tsufansa, da ko an biya. Sakamakon yakan zama ɗaya cikin uku: a ƙi, a nemi kafin alƙalami mai kauri, ko a ba da bashin da ruwa mai tsada.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa ma'aurata ba. Aure kaɗai ba ya haɗa tarihin mutum biyu, zama gida ɗaya ma ba ya haɗawa. Asusun banki na tare ko bashi na tare ne ke ƙulla su a wurin kamfanonin nan. Daga ranar, in matar ta je neman bashin mota ita kaɗai, ana iya leƙa tarihin mijin. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Ana iya neman a raba sunayen daga baya, amma sai an rufe abin da ya haɗa su.

Shi ya sa wasu ke barin mai tsabtataccen tarihi ya nema shi kaɗai, su haƙura da ƙaramin gida. A nan sai a kula, domin yawanci sunan mai bashin ne kawai zai hau takardar gida, kuma banki kan sa ɗayan ya sa hannu cewa haƙƙin banki ne a gaba. A Ingila da Wales, wanda ba sunansa a takarda, in dai akwai auren da doka ta sani, yana iya yin rajistar haƙƙinsa na zama a hukumar rajistar filaye. Auren da aka ɗaura a masallaci kawai ba a yi masa rajista ba, sau da yawa ba ya ba da wannan kariya.

A ganina, in tabon ya kusa cika shekara shida, haƙuri ya fi arha. In ba zai yiwu ba, dillalin mogej ya fi bin bankuna ɗaya bayan ɗaya, don kowace cikakkiyar takardar neman bashi na barin sawu a tarihin, kuma yawan sawu cikin ɗan lokaci na ƙara tsorata banki. Masu gudun kuɗin ruwa da ke komawa tsarin musharaka da ijara (banki ya sayi gidan tare da mutum, mutum ya riƙa biyan haya yana sayen kason banki a hankali), irin na Gatehouse Bank, su ma ba su tsira daga binciken ba: ana duba tarihin mutum biyun kafin a shiga sayen gidan da su.