Waiwaye: Yadda Aka Koyi Bin Sawun Tauraron Ɗan Adam

Duk wanda ya ɗaga kai a Nima ko Mamobi zai ga farantan talabijin jere a kan rufin kwano, kowanne an ɗaure shi tam da ƙusa, yana kallon wuri guda dare da rana. Wannan ya sa da yawanmu a nan Accra muka ɗauka cewa tauraron ɗan Adam abu ne da ke tsaye cak a sararin samaniya. Waɗanda farantanmu ke kallo suna kewaya duniya ne a nisan kilomita 35,786, daidai da saurin juyawarta, shi ya sa suke kamar ba sa motsi. Amma akwai wasu da hanyarsu ke da siffar ƙwai, su kusanto duniya a wani gefe, su yi nisa a ɗaya gefen, kuma sanin inda irin waɗannan suke a kowane lokaci ilimi ne mai dogon tarihi.

Tushen lissafin ya girmi roka nesa ba kusa ba. A 1609 Johannes Kepler, masanin taurari ɗan Jamus, ya nuna cewa duniyoyi na kewaya rana a kan hanya mai siffar ƙwai, kuma suna ƙara gudu idan sun kusanto, su rage idan sun yi nisa. Wanda ya taɓa tura yaro a lilo ya san abin: yana wucewa fiu ta ƙasa, amma can sama sai ya ɗan dakata kafin ya dawo.

Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1, wanda ke saukowa zuwa kilomita 215 daga doron ƙasa, ya hau zuwa sama da 900, yana kammala zagaye cikin minti 96. Wasu masana biyu a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, William Guier da George Weiffenbach, suka kasa kunne ga ƙarar da yake aikowa ta rediyo, suka lura cewa sautin na sauyawa yayin da yake tahowa da yayin da yake wucewa, kamar yadda jiniyar motar asibiti ke kaifi idan ta doso ka, ta yi kauri idan ta ba ka baya. Daga wannan sauyi kaɗai suka fitar da hanyarsa. Da aka juya dabarar, wato a san hanyar tauraro domin a gano inda mai saurare yake, sai aka samu tsarin Transit na sojojin ruwan Amurka, kakan GPS da ke cikin wayoyinmu.

Vanguard 1, da Amurka ta harba a Maris ɗin 1958, nauyinsa bai kai kilo biyu ba, ya daɗe da yin shiru, amma har yau yana can yana zagaye, domin ko a wurin da ya fi kusanto mu yana sama da kilomita 600, inda iskar da za ta ja masa birki ba ta taka kara ta karya ba. Shi ne mai lamba 5 a kundin da sojojin Amurka ke rubuta abubuwan da ke kewaya duniya, kuma daga wannan kundi ake fitar da layuka biyu na alƙaluma waɗanda kwamfuta ke karantawa ta faɗi lokacin da tauraro zai ɓullo. Alƙaluman kan tsufa cikin 'yan kwanaki, saboda iska da jan wata da rana na karkatar da hanyar a hankali, don haka aikin awo ba ya ƙarewa.

Inda siffar ƙwai ta fi nuna amfaninta shi ne Rasha. Tauraron da ke tsaye a saman layin da ya raba duniya arewa da kudu yana yi wa mutanen arewa mai nisa ƙasa-ƙasa, kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa, alhali mu nan muna ganinsa sama sosai. Saboda haka a 1965 Sobiyet ta fara amfani da taurarin Molniya, masu zagaye na awa 12, waɗanda ke wucewa da gudu ta kudancin duniya sannan su hau zuwa kimanin kilomita 40,000 a arewa, inda suke shafe sa'o'i suna tafiyar hawainiya. An karkata hanyarsu da digiri 63.4, domin a wannan kusurwa kumburin da duniya ke da shi a ƙugunta ba ya gusar da ƙololuwar hanyar daga inda aka ajiye ta. A ganina wannan na cikin mafi kyawun dabarun da aka taɓa yi a fannin. Farashinta shi ne dole farantin ƙasa ya riƙa juyawa yana bin tauraron.

Yankinmu ma ba ɗan kallo ba ne. A Kano hukumar NASA ta binciken sararin samaniya ta Amurka ta kafa ɗaya daga tashoshin da suka bi sawun kumbon ɗan sama jannati John Glenn a Fabrairun 1962, abin da yaranmu kaɗan ne suka taɓa ji. A Kuntunse, arewa da Accra, farantin sadarwa mai faɗin mita 32 da aka buɗe a 1981 an mayar da shi na'urar sauraren taurari na ainihi, aka ƙaddamar da shi a 2017. A shekarar ce kuma aka saki GhanaSat-1, ƙirar injiniyoyin Jami'ar All Nations ta Koforidua, daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Hanyarsa kusan da'ira ce a nisan kilomita 400, kuma duk wucewarsa ta saman Ghana 'yan mintuna ne, wanda ya makara wajen juya eriya sai ya jira wani zagayen. Iskar da ta ƙyale Vanguard ita ta jawo shi ƙasa, ya ƙone a 2019.